Sojojin Yaƙin 'Yancin Amurka da Filayen da Aka Biya Su da Su: Tambayoyi da Amsoshi

Bayan yaƙin da Amurka ta yi da Birtaniya daga 1775 zuwa 1783, dubban tsofaffin sojoji sun bar garuruwansu na bakin teku suka nausa yamma, suka sare daji, suka kafa gonaki da garuruwa. Wasu sun yi suna, wasu sun mutu da bashi a wuya, mafi yawansu kuwa ko ganin filin da aka yi musu alkawari ba su yi ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da su.

Su wane ne waɗannan 'yan mazan jiya?

Kashi biyu ne. Akwai na babbar rundunar da Majalisar yankuna 13 ta kafa a 1775 a ƙarƙashin George Washington, waɗanda suka sa hannu kan shekara ɗaya, ko uku, ko har yaƙi ya ƙare. Akwai kuma sojojin sa-kai na jihohi, manoman da ake kira su yi wata biyu ko uku su koma gona. Hafsoshi galibi masu abin hannu ne ko masu ilimi. Kuratan da suka daɗe a fagen daga kuwa yawanci samari ne marasa gonar kansu: 'yan ƙwadago, yaran masu sana'a, baƙin da suka zo daga Ayalan da Jamus ba da daɗewa ba, da baƙaƙen fata, 'yantattu da bayi. Wannan bambanci tsakanin hafsa da kurtu shi ne ya bi su har cikin rabon fili.

Yaya aikin soja yake a wancan yaƙin?

Yunwa da ciwo sun fi harsashi kisa. A sansanin Valley Forge, inda rundunar ta yi hunturun 1777 zuwa 1778, sojoji wajen 12,000 ne suka shiga, kusan 2,000 suka mutu, akasari saboda atini da zazzaɓi da ciwon huhu, ba tare da an gwabza wani babban faɗa ba. Mutane na tafiya a kan ƙanƙara babu takalmi. Agana ta yi ɓarna sosai har Washington ya ba da umarni a 1777 a riƙa yi wa sababbin sojoji lamba. Waɗanda Ingilishi suka kama kuma aka zuba su cikin tsofaffin jiragen ruwa a gaɓar New York, dubbai suka mutu a ciki.

Sai maganar albashi. Kuɗin takarda da Majalisa ta buga ya yi ta faɗuwa har ya zama albashin wata ba ya sayen abincin kwana biyu, kuma shi ma sai a yi watanni ba a biya ba. A watan Janairun 1781 sojojin Pennsylvania suka yi bore a kan albashi da wa'adin aikinsu. Na New Jersey da suka bi sahu bayan 'yan makonni an murƙushe su, aka harbe biyu daga cikin jagororinsu. Duk wanda ya karanta labarin waɗannan mutane zai yi mamakin yadda rundunar ba ta watse gaba ɗaya ba.

Me ya sa aka yi musu alkawarin fili?

Domin Majalisa ba ta da kuɗi, ba ta kuma da ikon karɓar haraji. A watan Satumban 1776 ta yanke cewa duk wanda ya yi aiki har ƙarshen yaƙi zai samu fili gwargwadon muƙaminsa: kurtu da kofur da saje eka 100, laftanar 200, kyaftin 300, manjo 400, kanar 500. A 1780 aka ƙara manyan hafsoshi, birgediya 850, manjo janar 1,100. Eka 100 ta kai kadada 40, wanda ga saurayin da ubansa bai bar masa ko taki ɗaya ba dukiya ce babba.

Abin lura shi ne, ranar da Majalisa ta yi wannan alkawari ba ta mallaki filin da za ta bayar ba. Tana lissafi ne da ƙasar da ke bayan duwatsun Appalachia, wadda Birtaniya ta hana Turawa zama a cikinta tun 1763, wadda kuma take da masu ita.

Da yaƙi ya ƙare, an cika alkawarin?

An cika a takarda, bayan an ja lokaci har yawancin masu haƙƙin sun gaji. A watan Yunin 1783 aka sallami sojoji da bindigoginsu da takardun bashi na albashin wata uku. Sauran bashin albashinsu ma takardar shaida aka ba su. Mutumin da zai taka da ƙafa daga New York zuwa gida, ga yunwa ga iyali na jira, ba ya iya ajiye takarda shekara bakwai. Sai ya sayar wa 'yan baranda a kan ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na darajarta ba, wani lokaci ƙasa da haka nesa. Da gwamnatin tarayya ta tsayu, sakataren kuɗi Alexander Hamilton ya kawo tsarin biyan takardun a 1790, kuma wanda takarda ke hannunsa a ranar shi aka biya. Ɗan majalisa James Madison ya nemi a ware wani kaso ga sojojin da aka fara ba takardun, Majalisa ta ƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Filin ma haka ya tafi. A 1788 aka halatta sayar da takardar fili ga wani. Sai a 1796, shekara 20 bayan alkawarin, aka keɓe yankin soja na tarayya a tsakiyar Ohio. Dokar kuma ta ce za a yanka shi ne gunduwa-gunduwa, kowace eka 4,000. Mai takardar eka 100 ke nan sai ya nemo mutum 39 irinsa su haɗa, ko ya sayar. Dillalan filaye suka yi ta tattara takardun da araha, suka kwashe mafi kyawun wuraren. A ganina wannan sharaɗi na eka 4,000 ya fi komai nuna wanda aka yi dokar dominsa.

To su wa suka tafi da ƙafarsu suka zauna?

Labarin da ya fi shahara shi ne na garin Marietta. Jagoransa Rufus Putnam ne, mutumin Massachusetts da aka haifa a 1738, wanda ya fara soja tun yaƙin Ingila da Faransa a Amurka, ya kuma koya wa kansa aikin safiyo. Shi ne ya tsara katangun da aka kafa cikin dare ɗaya a tudun Dorchester a watan Maris na 1776, abin da ya tilasta wa Ingilishi ficewa daga Boston. Ya gama yaƙi yana birgediya. A 1783 ya jagoranci hafsoshi fiye da 280 suka rubuta wa Majalisa takarda a ba su filinsu a yankin Ohio. Majalisa ta yi shiru.

Da suka ga haka sai suka sake dabara. Ranar 1 ga Maris 1786 suka haɗu a Boston suka kafa kamfanin Ohio, inda kowa zai zuba takardun bashinsa na soja a matsayin jari, su sayi fili daga gwamnati da takardun da ita kanta ta kasa biya. Manasseh Cutler, wani limamin coci da ya yi aiki da sojoji, shi ya je ya yi cinikin a 1787: eka kusan miliyan ɗaya da rabi a kan dala miliyan ɗaya, ko da yake daga baya abin da suka iya biya bai kai haka ba. A shekarar ce kuma, ranar 13 ga Yuli, aka zartar da dokar yankin Arewa maso Yamma, wadda ta tsara yadda za a kafa sababbin jihohi a can, ta kuma haramta bauta a cikinsu.

Mutum 48 ne suka fara tafiya. Suka ƙetare duwatsun Pennsylvania cikin dusar ƙanƙara, suka tsaya suka sassaƙa jiragen ruwa, suka biyo kogi har inda Muskingum ya haɗu da Ohio, suka sauka ranar 7 ga Afrilu 1788. Sunan garin daga na sarauniyar Faransa Marie Antoinette aka ɗauko shi, don godiya ga taimakon da ƙasarta ta ba su a yaƙi. Abin da suka fara ginawa mai girma shi ne sansani mai ganuwar katako, wanda ya nuna sun san ba kango suka tarar ba.

Sun ji daɗin zaman?

Shekarun farko sun yi tsanani. Sanyi ya sauko da wuri a 1789 ya lalata masara, shekarar da ta biyo aka yi yunwa, ga agana. Manyansu suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Janar James Varnum, wanda aka naɗa alƙali, ya rasu a watan Janairun 1789 bai cika shekara a garin ba. Janar Samuel Parsons ruwa ya ci shi a ƙarshen shekarar. Janar Benjamin Tupper ya rasu a 1792. Abraham Whipple, babban hafsan sojan ruwa da ya jagoranci ƙona jirgin Ingilishi mai suna Gaspee tun 1772, ya tsufa yana noma cikin talauci sai da Majalisa ta yanka masa ɗan fansho. Arthur St. Clair, gwamnan yankin na farko, a cikin fatara ya mutu a 1818. Putnam ne ya ga amfanin wahalarsa: ya zama shugaban safiyo na ƙasa a 1796, ya ga Ohio ta zama jiha a 1803, ya rasu a Marietta a 1824. Gidansa na nan har yau a cikin gidan tarihin garin.

Filin na wa ne kafin su zo?

Na Shawnee ne da Lenape da Wyandot da Miami da sauran al'ummun da Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Suna da garuruwa da gonakin masara da dazukan farauta. A yarjejeniyar Paris ta 1783 Birtaniya ta miƙa wa Amurka ƙasar har bakin kogin Mississippi ba tare da an gayyaci ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Su kuwa matsayinsu a fili yake: kogin Ohio ne iyaka, Bature ya tsaya a kudancinsa.

Saboda haka yaƙi ya sake tashi, tsofaffin sojoji suka sake saɓa bindiga. A watan Janairun 1791 aka kai hari wani sabon ƙauyen kamfanin Ohio da ake kira Big Bottom, aka kashe mutum fiye da goma, sauran mazauna yankin suka shige ganuwa suka yi shekaru a takure. Ranar 4 ga Nuwamba 1791 haɗakar ƙabilun, a ƙarƙashin Little Turtle na Miami da Blue Jacket na Shawnee, ta ragargaza rundunar St. Clair a bakin kogin Wabash, ta kashe sojoji fiye da 600. Babu wani kashi da 'yan asalin ƙasar suka taɓa ba sojojin Amurka da ya kai wannan. Gwamnati ta sake shiri, ta ba Anthony Wayne, shi ma tsohon janar na yaƙin 'yanci, sabuwar runduna, ya ci su a Fallen Timbers a watan Agustan 1794. A yarjejeniyar Greenville ta 1795 suka sallama mafi yawan Ohio, aka ba su kayan da suka kai dala 20,000 da alkawarin dala 9,500 duk shekara.

Ba na jin za a iya ba da labarin jarumtar waɗannan 'yan mazan jiya da gaskiya a tsallake wannan. An zalunce su a kan albashinsu, sannan aka biya su da ƙasar wasu. Ko 'yan ƙabilar Oneida, waɗanda suka mara wa Amurka baya a yaƙin har suka kai wa sojoji masara a Valley Forge, ba su tsira ba. Jihar New York ta karɓe kusan dukkan ƙasarsu cikin 'yan shekaru bayan yaƙin.

Gwamnatin tarayya kaɗai ce ta raba fili?

A'a, wasu jihohi sun fi ta buɗe hannu. New York ta keɓe garuruwa 28 a tsakiyar jihar, a ƙasar ƙabilun Onondaga da Cayuga, kurtu na samun eka 600 ta hanyar ƙuri'a. Sojoji da yawa sun san wurin, domin suna cikin rundunar Janar Sullivan da ta ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois wajen 40 a 1779, suka ga albarkar ƙasar da idonsu. North Carolina ta ba kurtu eka 640 a inda yanzu ake kira Tennessee. Virginia ta raba a Kentucky, sannan ta riƙe wani babban yanki a Ohio tsakanin kogunan Scioto da Little Miami.

Na Virginia ya zo da rikici na daban. Ba a yanka filin a miƙe ba, mai takarda ne ke zuwa ya zaɓi inda ya ga dama, a yi iyaka da bishiya ko dutse ko rafi. Filaye suka hau kan juna, shari'o'i suka yi ta gudana har jikoki. Masu safiyo irin su Nathaniel Massie, wanda ya kafa garin Chillicothe a 1796, sukan karɓi ladansu da wani kaso na filin da suka auna, su ne kuma suka zama manyan masu ƙasa. George Rogers Clark, wanda ya ƙwato garuruwan Kaskaskia da Vincennes daga hannun Ingilishi, an ba shi da mutanensa eka 150,000 a kudancin Indiana ta yau, amma bashin da ya ci don ciyar da rundunarsa ya cinye rabonsa.

Akwai kurtun da aka san labarinsa dalla-dalla?

Akwai Joseph Plumb Martin. Ya shiga soja a 1776 yana ɗan shekara 15, ya yi faɗa a New York da Monmouth, ya sha hunturun Valley Forge, yana cikin masu haƙa ramuka a Yorktown a 1781, ya bar aiki a 1783 yana saje. Bai tafi Ohio ba. Ya ji ana cewa akwai fili a Maine, ya je ya sare daji kusa da bakin kogin Penobscot, ya yi aure ya zauna. Sai ga tsohon janar ɗinsa Henry Knox, wanda ya zama sakataren yaƙi, ya fito da takardun mallakar wannan yanki baki ɗaya. Aka yanke cewa Martin ya biya dala 170 kafin gonarsa mai eka 100 ta zama tasa. Bai iya biya ba. A 1818 ya je gaban hukuma ya shaida cewa ba shi da komai, aka sa masa fanshon dala 96 a shekara. Ya yi shekaru yana magatakardan garinsu, ya wallafa tarihin aikinsa na soja a 1830, ya rasu a 1850. A cikin abin da ya rubuta ya yi ƙorafi mai zafi a kan yadda aka yi amfani da su aka yar, kuma masana tarihi sun gano cewa bayanansa na ranaku da wurare sun dace da takardun runduna.

Baƙaƙen fata fa?

Kusan 5,000 ne suka yi wa Amurka yaƙi. Rhode Island ta kafa bataliya a 1778 wadda ta ɗauki bayi da alkawarin 'yanci, kuma Varnum da muka ambata shi ya kawo shawarar. Wasu sun samu 'yancin da takardar fili, wasu iyayengijinsu suka sake kama su.

Waɗanda suka bi Birtaniya sun fi yawa, domin ita ta fara shelar 'yanta bayin masu yi mata tawaye da suka gudo wurinta. Da ta sha kaye ta kwashe wajen 3,000 daga New York zuwa Nova Scotia a Kanada a 1783. Can ma aka yi musu alkawarin gona, aka ba Turawa masu kyau, su aka bar su da duwatsu ko ba a ba su komai ba. Thomas Peters, tsohon saje, ya tafi Landan da takardar kokensu a 1790. Sakamakon tafiyar tasa, a watan Janairun 1792 jirage 15 suka tashi daga Halifax da mutum kusan 1,200 zuwa Saliyo, suka kafa Freetown. Peters ya rasu watanni kaɗan da isarsu. A cikin matafiyan akwai Harry Washington, wanda ya gudo daga gandun George Washington kansa. A Saliyo ma filin da aka ba su bai kai alkawari ba, kamfanin da ke mulkin wurin ya ɗora musu kuɗin ƙasa, suka yi bore a 1800. Zuriyarsu na cikin Kiriyo na Saliyo a yau.

Yaushe aka fara ba su fansho?

Waɗanda suka nakasa sun samu ɗan wani abu tun lokacin yaƙi, har da mace guda, Margaret Corbin, wadda ta karɓi igwar mijinta bayan an kashe shi, aka sa mata fansho a 1779. Sauran sai a 1818, shekara 35 da gama yaƙi, aka yi dokar ba mabuƙata daga cikin sojojin babbar runduna dala 8 a wata, hafsa dala 20. Masu nema suka yi yawa fiye da zato, sai a 1820 aka ce kowa ya kawo jerin abin da ya mallaka a gaban kotu, aka cire dubbai. Dokar 1832 ce ta haɗa da sojojin sa-kai, ta cire sharaɗin talauci, ga duk wanda ya yi wata shida. A lokacin mafi yawansu sun haura shekara 65. Matan da mazansu suka rasu an fara duba su sosai daga 1836.

Daga ina ake samun labarin rayuwarsu a yau?

Daga takardun neman fanshon nan. Gobara ta cinye ofishin ma'aikatar yaƙi a 1800, takardun aiki da yawa suka salwanta, don haka a 1832 sai tsoho ya zo kotun ƙaramar hukumarsa ya ba da labari da baki: inda aka haife shi, wa ya ɗauke shi soja, hafsoshin da ya bi, faɗan da ya gani, da duk garuruwan da ya zauna bayan yaƙi. Maƙwabta da limamin coci su shaide shi. Gwauraye mata kuma, da aka nemi shaidar aure, da yawa sun yago shafin da aka rubuta aure da haihuwa a littafin addinin gidansu suka aika, shafukan na nan cikin fayil har yanzu.

Fayil kusan 80,000 ne ke ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa a birnin Washington, an kuma ɗauki hotonsu an sa a intanet. Ta cikinsu ake bin sawun mutum daga Connecticut zuwa Vermont, daga can zuwa New York, ya ƙare a Ohio ko Indiana, ya yi ƙaura uku ko huɗu yana neman gonar da zai iya biya. Mai bincike ya haɗa su da takardun filin soja da rajistar filaye ta ƙaramar hukuma, domin takardar fili kaɗai ba ta nuna mutum ya zauna a wurin. Sau da yawa sunan soja na sama, a bayan takardar kuma akwai sa hannun wanda ya saye ta.